Sharhi: Tattakin mil 1,000 saboda sojojin da suka nakasa, da abin da ya rage mana a nan gida

Ranar 1 ga Nuwamba 2015 wasu tsofaffin sojoji shida suka iso ƙofar fadar Buckingham a Landan da ƙafa, bayan kwana 72 suna tafiya. Daga Scotland suka taso tun cikin watan Agusta, suka ratsa Birtaniya har mil 1,000, wato kimanin kilomita 1,600. In za mu auna da namu nisan, kusan kamar mutum ya tashi daga Legas ne ya nufi Maiduguri a ƙasa. Huɗu daga cikinsu 'yan Birtaniya ne, biyu Amurkawa, kuma babu ko ɗaya da bai ɗauko rauni daga aikin soja ba, wani a jiki, wani a ƙwaƙwalwa.

Cikinsu akwai wata Ba'amurkiya mai suna Kirstie Ennis, wadda jirgi mai saukar ungulu ya faɗi da ita a Afganistan a 2012. An riga an yanke shawarar cire mata ƙafar hagu, amma ta jinkirta aikin har sai da ta gama tattakin. A hanya ta riƙa ajiye ƴan ƙarafan shaida irin na wuyan soja, masu ɗauke da sunayen abokan aikinta da suka mutu, na ƙarshen kuma ta miƙa wa Yarima Harry a ƙofar fadar. Bayan ta koma gida aka yanke ƙafar.

Ƙungiyar da ta shirya wannan tafiya sunanta Walking With The Wounded, ma'ana tafiya tare da waɗanda suka ji rauni. Mai karatu a Agege ko Sabon Ibadan zai iya cewa, to mu ina ruwanmu da tattakin Turawa? Ruwanmu kuwa yana nan. Najeriya ta shafe fiye da shekara 15 tana yaƙi a arewa maso gabas, ga kuma na ƴan bindiga a arewa maso yamma, kuma yawancin garuruwan da ake gwabzawa a cikinsu garuruwanmu ne. Sojan da ya rasa ƙafa a Borno ko Zamfara ya rasa ta ne a hanyar da muke bi zuwa gida lokacin Sallah.

Yadda abin ya faro

An kafa ƙungiyar ne a 2010. Waɗanda suka kafa ta, Ed Parker da Simon Daglish, dukkansu sun taɓa aikin soja. Abin da ya zaburar da Parker shi ne ɗan ɗan'uwansa da ya taka bam a Afganistan a 2009 ya rasa ƙafafunsa biyu. A lokacin yaƙin Afganistan ya yi zafi, musamman a lardin Helmand, inda bama-baman da ake binnewa a hanya suka fi kowane makami ɓarna. Birtaniya ta rasa sojoji 457 a Afganistan da 179 a Iraƙi. Sai dai ci gaban aikin likita a fagen daga ya sa mutane da dama da a yaƙe-yaƙen da can da sun mutu, yanzu suna rayuwa, amma babu ƙafa, ko babu hannu, ko babu ido. Saurayi ɗan shekara 22 ya dawo gida da ƙafar roba, ga rayuwa mai tsawo a gabansa, ga aikin da ya sani ya ƙare.

Tafiyarsu ta farko a 2011 ce, zuwa can ƙuryar arewacin duniya inda babu komai sai ƙanƙara. Sojoji huɗu masu rauni suka ja kayansu da kansu tsawon kwana 13, suka isa a watan Afrilu. Yarima Harry, wanda shi ma ya yi aikin soja a Afganistan, ya raka su na ƴan kwanakin farko. Ɗaya daga cikin huɗun, Jaco van Gass, wanda ya rasa hannun hagu, daga baya ya ci lambar zinare a tseren keke a gasar nakasassu ta duniya a Tokyo.

A 2012 suka gwada hawa dutsen Everest, amma aka dakatar da tafiyar saboda haɗarin da yanayi ya kawo. A 2013 suka nufi ƙuryar kudancin duniya, a nahiyar Antatika, da rukuni uku: na Birtaniya, na Amurka, da na Ostireliya da Kanada a haɗe. Da farko tsere aka shirya tsakaninsu, sai wahalar hanya da sanyi suka sa aka soke tseren, suka haɗu suka ƙarasa tare ranar 13 ga Disamba. A cikinsu akwai Duncan Slater, wanda ba shi da ƙafa ko ɗaya. Bayan tattakin Birtaniya na 2015, sun sake wani na mil 1,000 a Amurka a 2018, daga Los Angeles zuwa New York.

Me ya sa tattaki, ba roƙo kawai ba?

Wanda ya saba da harkar neman taimako a masallaci ko a ƙungiyar kasuwa ya san cewa mutane ba sa buɗe aljihu don lissafi, sai don abin da idonsu ya gani. A ce sojoji dubu kaza sun ji rauni, mai sauraro zai ce Allah sarki, ya wuce. Amma mutum mai ƙafar roba ya shigo garinku yana tafe, gumi na zuba, bayan ya yi kilomita 22 tun safe, kuma gobe ma haka zai yi, wannan gani ya kori ji.

Na biyu, tafiya mai tsawo tana daɗewa a bakin mutane. Liyafar tara kuɗi dare ɗaya ce, washegari an manta. Tattakin kwana 72 kuwa kullum da sabon gari, da sabon gidan rediyo, da ƴan makaranta da za su fito su yi rakiya. Labarin yana sabunta kansa ba tare da an biya kuɗin talla ba.

Na uku, kuma shi ne mafi nauyi, waɗanda ake neman kuɗin dominsu su ne ke tafiyar. Wannan ya juya hoton baki ɗaya. Maimakon a nuna nakasasshen soja a kwance ana tausaya masa, sai ga shi yana yin abin da mai cikakkiyar lafiya ba zai iya ba. Saƙon ya fi zuwa ga masu kamfanoni: wanda ya ja kaya a kan ƙanƙara da hannu ɗaya, ai ba zai gagara riƙe aiki a ma'aikatarka ba. Shi ya sa kuɗin da ƙungiyar ke tarawa ya fi tafiya wajen sama wa tsofaffin sojoji aiki, da kula da lafiyar ƙwaƙwalwarsu, da tallafa wa waɗanda suka faɗa hannun ƴan sanda ko suka rasa matsuguni. Manyan tafiye-tafiyen kuwa kamfanoni ne ke ɗaukar nauyinsu, kamar yadda Virgin Money ya yi a tafiyar Antatika, don kada sadakar jama'a ta ƙare a sayen tanti da kuɗin jirgi.

Inda gizo ke saƙa

Duk da haka, akwai tambayar da ko a Birtaniya ba a daina yi ba: don me sojan da gwamnati ta aika yaƙi zai dawo sai an yi masa tattaki kafin ya samu kulawa? Hausawa suka ce kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Gwamnatin da ta ɗauki mutum da ƙafa biyu ta dawo da shi da ɗaya, ita ke da alhakinsa har ƙarshen ransa. Masu wannan ra'ayi suna tsoron kada yawan ƙungiyoyin agaji ya ba hukuma damar zamewa.

Abin lura shi ne a can tattakin ƙari ne a kan wani ginin da ya riga ya tsaya. Akwai tsarin biyan diyya ga sojan da ya ji rauni tun 2005. Akwai cibiyar farfaɗo da masu rauni da ta daɗe a Headley Court kafin a mayar da aikin Stanford Hall a 2018. Akwai asibitin gwamnati kyauta. A 2011 kuma aka shigar da alƙawarin da ke tsakanin ƙasa da sojojinta cikin doka. Ƙungiyoyi irin su Walking With The Wounded da Help for Heroes, wadda aka kafa a 2007, suna cike gurbin da ya rage ne. In babu wancan ginin, kuɗin tattaki ko nawa ne ba zai riƙe dubban mutane shekara da shekaru ba.

Matsala ta biyu ita ce amana. A Amurka, babbar ƙungiyar tallafa wa sojoji masu rauni, Wounded Warrior Project, ta shiga rikici a 2016 bayan rahotannin ƴan jarida kan yadda take kashe kuɗi a taruka da tafiye-tafiye, har hukumar gudanarwarta ta sallami manyan shugabanninta biyu a watan Maris na shekarar. A Birtaniya ma, kowa ya ji labarin Kyaftin Tom Moore, tsohon sojan da ya yi yaƙin Bama. A 2020, lokacin korona, yana ɗan shekara 99 ya zagaya lambun gidansa sau 100 yana dogara keken tsofaffi, da niyyar tara fam 1,000 don ma'aikatan lafiya, sai aka tara fiye da fam miliyan 32. Wannan kuɗin ya isa inda aka nufa. Amma gidauniyar da aka kafa da sunansa daga baya ta faɗa bincike, kuma a Nuwamba 2024 hukumar da ke sa ido kan ƙungiyoyin agaji ta ƙasar ta ce ƴarsa da mijinta sun amfana da ita ta hanyar da ba ta dace ba.

Wato ko a ƙasar da ke da hukuma mai haƙori, kuɗin tausayi yana jan hannu. Bambancin kawai shi ne a can akwai mai bincike, kuma rahoton yana fitowa fili kowa ya karanta.

To mu fa?

Tafiyar ƙafa ba baƙuwarmu ba ce. Kakanninmu sun je Makka a ƙasa ta Chadi da Sudan, wasu shekaru suka yi a hanya. Fatake sun kai Gwanja neman goro, masu shanu kuma sun koro garke tun daga arewa har kasuwannin kudu kafin zuwan tirela. Zangunan da muke zaune a cikinsu yau a Ibadan da Shagamu da Legas, da yawansu sawun waɗannan matafiya ne ya kafa su.

Ko tattakin zamani mun iya. A 2015 Suleiman Hashimu ya taso daga Legas zuwa Abuja a ƙasa don murnar nasarar Muhammadu Buhari, kuma bayansa aka yi ta samun masu kwaikwayo, wannan don gwamna, wancan don sanata. Ƙarfin ƙafa da juriya duk muna da su. Sai dai namu tattakin kusan kullum wajen mai mulki yake nufa, ya ƙare da hoto da ambulan. Wanda ya tafi ya samu ɗan abin da ya samu, jama'a ba su ƙaru da komai ba.

Su kuwa sojojinmu masu rauni, sau ɗaya a shekara ake tuna su da babbar murya, wato 15 ga Janairu, ranar tunawa da ƴan mazan jiya, ranar da ta yi daidai da ƙarshen yaƙin basasa a 1970. Kafin ranar akan ƙaddamar da sayar da tambarin tunawa, shugaban ƙasa da gwamnoni su sanar da gudummawa, a ajiye furanni, a saki tantabaru. Tambayar da ya kamata kowane mai saye ya yi ita ce: nawa aka tara bara, kuma wa aka ba? Ranar da amsar wannan ta zama abin da ake liƙawa a bango kowa ya gani, ranar ce mutane za su ƙara sakin hannu.

A ƙarshen 2024 da kuma cikin 2025 mun ga tsofaffin sojoji sun tare ƙofar ma'aikatar kuɗi ta tarayya a Abuja suna neman haƙƙoƙinsu. Waɗannan masu iya tashi su je Abuja ke nan. Wanda ke kwance a ƙauye babu ƙafa, ko wanda ƙarar tayar mota in ta fashe take sa shi neman wurin ɓuya, ba ya cikin hoton. Kuma wannan ba sabon abu ba ne. Dubban ƴan arewa sun yi yaƙin Bama a runduna ta 81 da ta 82 ta Afirka ta Yamma, suka dawo aka sallame su da kuɗin da bai kai na Turawan da suka yi yaƙi tare ba. Bayansu ga na yaƙin basasa, ga na ECOMOG a Laberiya da Saliyo. Mu da ke kudu mun san inda da yawansu suka ƙare: a bakin get, suna gadi, da tsohuwar rigar sanyi ta soja.

Ba za a ce babu motsi ko kaɗan ba. Yarima Harry, wanda ya yi waɗancan tafiye-tafiye, shi ne ya kafa gasar Invictus ta sojoji masu rauni a Landan a 2014. A 2023 Najeriya ta zama ƙasar Afirka ta farko da ta shiga gasar, a birnin Dusseldorf na Jamus, inda Peacemaker Azuegbulam, sojan da ya rasa ƙafa a yaƙin arewa maso gabas, ya ciyo zinare a ɗaga nauyi. A watan Mayu 2024 Harry ya zo Najeriya bisa gayyatar babban hafsan tsaro na lokacin, Janar Christopher Musa, har ya ziyarci sojoji masu jinya a asibitin soja na 44 da ke Kaduna. Ziyarar ta sa ƴan Najeriya da yawa sun ga cikin ɗakin jinyar sojojinsu a talabijin. 

Ga mai cewa soja bai cancanci tausayinsa ba

Dole a faɗi wannan, domin ana faɗarsa a majalisa. Direban da ke ɗauko tumatur ko shanu daga arewa ya san adadin shingayen da yake tsayawa kafin Mile 12, ya kuma san abin da ke fita daga aljihunsa. Mutanen Tudun Biri a Kaduna ba su manta da jirgin soja marar matuƙi da ya jefa musu bam a wajen Mauludi a Disamba 2023 ba. Wanda ke da irin wannan ciwo in aka ce ya ba da kuɗi don soja, zai iya juya baya, kuma ba za a ce ba shi da hujja ba.

Amma a raba abu biyu. Neman a hukunta wanda ya yi laifi haƙƙi ne, kuma kada a daina. Kurtun da ya taka nakiya a hanyar Damboa kuwa ɗan talaka ne kamar ɗan kowa, sau da yawa rashin aikin yi ne ya kai shi ɗaukar kaki. Akwai kuma lissafin da ya shafi tsaron kowa: sojan da ke bakin daga yana kallon yadda aka yi da abokinsa da ya ji rauni. In ya ga an yasar da shi, da wace zuciya zai tsaya gobe? Mutumin da aka koya wa harbi, aka sallame shi da ciwon ƙwaƙwalwa babu magani babu sana'a, haɗari ne ga iyalinsa da unguwarsa kafin kowa.

Abin da za a iya daga zango

Ba lallai sai an yi Legas zuwa Maiduguri ba. Gaskiya ma, a halin da hanyoyi suke, doguwar tafiyar ƙafa tana buƙatar shiri sosai. Abin da ya faru a Uromi ta jihar Edo a watan Maris 2025, inda aka kashe matafiya ƴan arewa 16 da suka taso daga Fatakwal, ya isa ya tuna mana cewa ayarin baƙin fuska a hanya na iya gamuwa da mummunar fahimta. Duk mai son shirya irin wannan sai ya sanar da ƴan sanda da sarakunan garuruwan da zai ratsa, ya tafi da ma'aikacin lafiya da motar rakiya, kuma ya fi kyau ayarin ya haɗa Bahaushe da Bayarabe da Ibo, tunda barikin soja ma haka yake.

Gajeren tattaki ma yana aiki. Ita kanta Walking With The Wounded tana da wani shiri na ƙarshen shekara inda talakawa ke yin ƴar tafiya a garinsu, ƴan'uwa da abokai su ɗauki nauyi. A Legas, daga Agege zuwa Oshodi tafiyar safiya ɗaya ce, kuma a Oshodin ne cibiyar koya wa sojoji masu barin aiki sana'a take. A Yaba akwai asibitin soja na 68, a Igbobi akwai asibitin ƙashi, kamar yadda ake da irinsa a Inugu da kuma Dala a Kano. Wuraren da buƙatar take ba ɓoyayyu ba ne.

Sharuɗɗan da suka sa na Turawa ya yi tasiri su ne za a ɗauka. Masu raunin su kasance a gaba, su yi magana da bakinsu. A faɗi abin da za a yi da kuɗin tun kafin a tashi, misali ƙafar roba ga mutum kaza ko jarin sana'a ga mutum kaza, a tuna kuma cewa ƙafar roba tana lalacewa, sai an riƙa sauya ta bayan ƴan shekaru. Kuɗin ya shiga asusun banki mai sa hannun mutum fiye da ɗaya, a karanta lissafi a bainar jama'a kamar yadda ake yi wa kuɗin ginin masallaci. Kada a bar ɗan siyasa ya mayar da abin taron kamfen. Sannan a ƙarshen tafiyar a miƙa takardar buƙata ga hukuma, a kan fansho da magani da diyya, domin kada sadakar jama'a ta zama uzurin gwamnati.

Sarakunan Hausawa da shugabannin kasuwannin shanu, na goro da na kayan gwari suna da abin da ƙungiyoyi da yawa ba su da shi: sun san mutanensu gida-gida. Kafin a kai ga maganar tattaki, akwai aikin da ba ya cin ko sisi, wato a rubuta sunayen tsofaffin sojoji masu rauni da matan waɗanda suka rasu da ke zaune a kowane zango, a san wanda fanshonsa ya maƙale da wanda ke buƙatar asibiti. Mai gadin layinku da kuke gaisawa kullum da safe yana iya zama na farko a takardar. Ku tambaye shi inda ya yi aiki.